Yadda za ka ɗauki aikin dizayin guda ɗaya tun daga hira da mai aiki har ya fito a takarda

Tun da na fara ɗora ayyukana a sitatus ƙannena da abokai suke ta min magana, wai ta ina za su fara koyon dizayin, wace manhaja ce ta fi, dole ne sai da laftof ko waya ma ta isa. Ni shekarata ta biyu kenan ina karanta wannan fanni a makaranta kuma ina ɗan karɓar aiki a gefe, kuma wallahi abin da ya fi koya min ba bidiyon YouTube bane duk da na kalli da yawa har data ta sha ƙare min, aiki ɗaya ne na gaske da na ɗauka tun daga bakin mai shi har na tsaya a shagon firintin ina kallo ana yanka shi. Shi yasa na ce bari in bi da ku hanyar da katin ɗaurin aure, tunda shi ne aikin da kusan kowa a cikinmu yake fara samu, ko na 'yar'uwa ko na maƙwabta, kuma duk abin da ke cikin sana'ar nan yana cikinsa, rubutu, kala, girma, takarda, da kuma haƙuri da mutane.

Toh farko dai kar ka buɗe kwamfuta. Je ka zauna da mai aikin. Nawa na farko wata maƙwabciyarmu ce za ta aurar da 'yarta, na shiga na durƙusa na gaida ta na ce Hajiya guda nawa za a buga, wa za a rabawa, katin maza ne na ɗaurin aure ko na mata ne mai jerin bukukuwa su kamu da sa lalle da yinin biki, ta ce min "kai dai ɗan nan yi min mai kyau kawai". Wannan "mai kyau" ɗin za ka ji shi har ka gaji, kuma ba laifinsu bane, aikinka ne ka fito da abin da ke ransu, sai na ce Hajiya cikin katunan da aka taɓa kawo miki akwai wanda ya burge ki? Nan ta tashi ta buɗe durowa ta ɗauko min guda uku, dukansu farare ne masu ruwan gwal a gefe babu hoto ko ɗaya, kaga ta riga ta gaya min komai ba tare da ta sani ba. Sannan sunaye, dan Allah kar ka karɓi sunaye ta saƙon murya, a rubuto maka su a rubuce, sunan iyalan ango da na amarya, wa za a fara sawa, wane ne Alhaji wane ne Malam, wane ne yake da sarauta, wane ne marigayi, domin ka manta kalmar marigayi ko ka sa ta inda bai kamata ba wannan ba kuskuren da ake cewa yi haƙuri ya wuce bane. Rana da lokaci da wuri ma haka, ka duba kalanda da idonka ka tabbatar ranar da aka ce Juma'a ce Juma'ar ce, in ana son kwanan watan Musulunci ka tambayi wanda ya sani, kar ka dogara da abin da wayarka ta nuna saboda ganin wata yakan sa a samu bambancin kwana ɗaya.

Daga nan takarda da fensir. Malaminmu baya barin mu taɓa linzamin kwamfuta sai mun zana ƙananan akwatuna a kalla guda goma a littafi, kowanne da tsarinsa daban, da farko ina ganin ɓata lokaci ne amma yanzu ko ba a sa ni ba sai na yi. Abin da kake nema a nan shi ne me ido zai fara gani, me zai gani na biyu, me zai gani na ƙarshe. A katin aure sunan ango da amarya ne kan gaba, sai rana da wuri, sai iyalai, lambobin waya su zo can ƙasa ƙanana. In komai ya zama babba to babu abin da ya zama babba kenan, kuma wannan ita ce cutar fulayoyinmu da yawa, kowane layi yana ihu.

Maganar manhaja kuma ba sai na daɗe ba. In waya kake da ita PixelLab da Canva sun isa ka koyi jera rubutu da haɗa kala, kuma mutane da yawa da su suke cin abinci. Amma in aiki zai je firintin to ka sani mafi yawan shagunan bugu a garuruwanmu CorelDRAW suke amfani da shi, don haka ko ba ka da laftof ka nemi wani shago ka riƙa zuwa kana zama a gefen mai aikin kana kallo. Wanda ba shi da kuɗin lasisi akwai Inkscape da GIMP, kyauta ne halak malak, Inkscape yana yin irin aikin CorelDRAW da Illustrator, wato zane da jera rubutu, GIMP kuma irin na Photoshop, wato gyaran hoto. Abu ɗaya da za ka riƙe game da CorelDRAW, fayil ɗin da ka yi a sabon fito ba zai buɗe a tsohon ba, don haka ka tambayi shagon wanne suke da shi, lokacin ajiyewa ka zaɓi nasu a wurin da ake zaɓar lambar fitowa.

Yanzu girma. Kafin ka sa harafi ko ɗaya ka saita girman shafin daidai da abin da za a buga. A4 milimita 210 ne da 297, rabinsa A5 kuma 148 da 210, kuma katunan gayyata da yawa a nan suke tsayawa ko ƙasa da haka. Sai ka ƙara milimita 3 a kowane gefe ka bar kalar baya ko adon gefe ya malala har can, wato A5 ya koma 154 da 216, saboda injin yanka baya sauka a kan layi cif-cif kullum, in ba ka bar wannan rarar ba sai ka ga wani siririn farin layi a gefen katin kamar an yi masa tsaga. Ta ciki kuma rubutu ya nisanci baki da kamar milimita 5 kar a yanke wa wani suna harafi. In da manhajar hoto kake aiki irin Photoshop ka sa 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, A5 a haka yana kama fiksel 1748 da 2480 kafin a ƙara rarar gefen, in ka yi shi a ƙaramin girma irin na sitatus a waya zai yi maka kyau ras amma a takarda rubutun sai ya fito da gefe kamar haƙoran zarto.

Inda nake so mu daɗe shi ne rubutu, musamman rubutun Hausa, domin nan ne nake jin ciwo sosai in na ga aikin 'yan'uwana. Muna da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai kuma ƴ wanda a Nijar aka fi rubutawa haka mu a Najeriya muna rubuta 'y. Yawancin salon haruffan nan masu ƙyalƙyali da ake saukewa a intanet ba su da su sam, sai ka rubuta ɗaurin aure ka ga ɗ ɗin ta koma akwati ko alamar tambaya, ko kuma manhajar ta aro ta daga wani salon daban ta tsaya a tsakiyar kalma kamar bare a cikin dangi. Abin da mutane ke yi sai su cire lanƙwasar gaba ɗaya su huta, toh amma ka duba, "muna maraba da baƙi" in ka cire lanƙwasa ya koma baki, ƙasa ta koma kasa, ɗa ya koma da, kuma kati abu ne da dattawa za su riƙe su karanta a hankali. Mafita tana nan, Noto Sans da Noto Serif na Google suna da haruffanmu, haka Charis SIL da Andika waɗanda dama don irin harsunanmu aka yi su, duk kyauta. Kafin in zaɓi kowane salo yanzu sai na rubuta jimla ɗaya ta gwaji mai ɗauke da dukansu manya da ƙanana, Ɓ Ɗ Ƙ ɓ ɗ ƙ, in ya faɗi jarrabawar na ajiye shi. A waya kuwa Gboard, wato kibod ɗin Google, yana da allon Hausa, ka ƙara shi a saiti shikenan. In kuma dole sai ka yi amfani da wani salo mai ado don sunan ango da amarya kuma ba shi da ƙ, to ka rubuta k ka mayar da ita zane ka ƙara mata lanƙwasar da hannunka, ka aro kaurin daga wutsiyar f ta wannan salon don su yi kama, na taɓa kwashe kusan awa guda a kan harafi ɗaya haka kuma ban yi nadama ba. Salo biyu sun isa kati, ɗaya na ado don sunaye ɗaya mai sauƙin karatu don sauran bayani, kuma kar ka rubuta mai lanƙwashe-lanƙwashen nan da manyan baƙi zalla, ba ya karantuwa.

Larabci ma yana da nasa. Sau da yawa in ka kwafo rubutun Larabci ka zuba a manhajar da ba a saita ta ba sai haruffan su rarrabu kuma su juya su fara daga hagu, wanda bai yi makarantar allo sosai ba ba zai ma lura ba. A Photoshop sai ka kunna saitin rubutun Gabas ta Tsakiya, salon Amiri kuma yana da kyau sosai kuma kyauta ne. Ko ya fito daidai a idonka ka kai wa malami ya duba. Sannan ka tambayi masu aikin ko suna son aya ko Bismillah a jiki, gidaje da yawa ba sa so saboda bayan biki katin a ƙasa yake ƙarewa ana takawa, ita Hajiya da na tambaye ta cewa ta yi a'a ɗan nan bar shi, sa "Allah ya sanya alheri" kawai.

Sai kala, nan ne na sha wuya ta farko. Sikirin da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB, takarda kuwa da tawada huɗu ne, CMYK, wato C shuɗi, M wani ja da ake kira magenta, Y rawaya, K baƙi, kuma akwai kalolin da haske zai iya yi tawada ba za ta iya ba. Wani aiki da na yi wa wata ƙungiyar ɗalibai na zaɓi shuɗi mai haske mai kama ido, a laftof kamar ka lasa, na tura aka buga guda ɗari biyu ban je na gani ba, da aka kawo sai ga shi ya koma wajen shunayya ya dushe, shugaban ƙungiyar ya riƙe ɗaya a hannu yana kallona yana kallon wayarsa ya ce Malam wannan ai ba shi ka nuna mana ba. Daga aljihuna na cika aka sake bugawa. Tun daga ranar duk aikin da zai je takarda a CMYK nake fara shi, kuma shuɗi ina rage masa jan nan na magenta don kar ya karkata. Ruwan gwal ma ka gaya wa mai aiki gaskiya tun wuri, injin bugu na yau da kullum ba ya fitar da gwal mai walƙiya, rawaya ce mai ɗan duhu za ta fito, mai walƙiyar nan da ake gani a katunan masu kuɗi wani aiki ne daban da ake manna shi da zafi kuma kuɗinsa daban. Ƙananan rubutu baƙi kuma ka bar su a baƙar tawada ita kaɗai, K ɗari sauran sifili, in ka haɗa shi da kala huɗu kuma injin ya ɗan goce sai rubutun ya yi inuwa.

Ado kuma, ni dai ra'ayina mun cika kwaso furannin Turawa daga intanet alhali a ƙofar gidanmu akwai abin da ya fi su. Ka kalli dagin Arewa, ka kalli zanen bangon tsofaffin gidaje a cikin birnin Zariya da Kano, ƙofar fadar Sarkin Zazzau, Gidan Makama, ka kalli aska takwas a ƙirjin babbar riga, zanen hula, zanen lalle, sassaƙar ƙwarya. Aikin aji da na fi alfahari da shi an ce mu yi tambarin wani shagon turare na ƙirƙira, sai na ɗauki rigar kakana na shimfiɗa a tabarma na zauna ina kwaikwayon ɗinkin wuyan da baƙin biro a farar takarda, na ɗauki hotonsa a tsakar gida da hasken safe, na shigar CorelDRAW na yi amfani da PowerTRACE ya mayar min da shi layuka, sannan na zauna ina goge ƙullin da suka yi yawa ɗaya bayan ɗaya har ya yi santsi. Inkscape ma yana da irin wannan. Zanen da aka mayar layuka ko a kan kwalbar turare ko a allon talla na bakin titi ba ya fashewa, shi yasa tambari ba a yinsa a matsayin hoto. A gefen katin Hajiya ma wani yanki na wannan zanen na sa siriri, kuma shi ne abin da mutane suka fi tambaya. In hoto za ka sa, ka ce a turo maka shi a WhatsApp a matsayin dokumen, domin in aka turo shi kai tsaye WhatsApp yana matse shi ya rage masa ƙarfi, kuma kar ka ja hoto ta gefe ɗaya fuskar mutum ta baje, ta kusurwa ake ja.

In ka gama ka bar shi ya kwana in da hali, da safe za ka ga abin da ba ka gani ba da dare. Ka karanta rubutun da ƙarfi harafi harafi, ka ba wani a gida ya karanta. Sannan ka tura wa mai aiki ƙaramin hoto mai ɗauke da sunanka a kwance a tsakiya, ba don rashin yarda ba, haka sana'ar take. Maganar kuɗi ma tun ranar farko ake yinta, rabi kafin a fara, gyara sau biyu a ciki, abin da ya wuce haka sabon lissafi ne, na san da nauyi ka faɗa wa babba haka amma in ka faɗa da ladabi suna fahimta, ni cewa nake Hajiya kuɗin takarda ne da na data nake fara karɓa. Kuma kar a buga sai mai aiki ya rubuto maka cewa ya duba sunaye da rana komai daidai a buga, ka ajiye wannan saƙon.

Ranar kai aiki shago ka ajiye kwafi biyu. Ɗaya wanda rubutunsa yake nan ana iya gyarawa, naka ne. Ɗaya kuma ka zaɓi komai ka danna Ctrl da Q a CorelDRAW rubutun ya koma zane, saboda in kwamfutar shagon ba ta da salon haruffanka za ta musanya da wani kuma haruffanmu masu lanƙwasa su ne za su fara tafiya. Ka fitar da PDF ma ka riƙe a filashi da waya. Kuma ka je da ƙafarka. Ka gaida mai injin, ka ce Oga dan Allah a fitar min da guda ɗaya in gani tukuna, ka fita da shi waje hasken rana ka duba kala, ka duba gefe, ka sake karanta sunaye. In adadin kaɗan ne injin DI, wato mai bugawa kai tsaye daga kwamfuta, ya fi sauƙi kuma nan take ne, in dubbai ne sai a yi maganar babban inji mai faranti wanda sai an yi faranti na kowace kala amma kuɗin kowane ɗaya yana sauka in adadi ya yi yawa. Takarda da giram ake kiranta, fulaya takan tafi a mai sheƙi 135 ko 150, kati kuwa 250 ko 300 don ya tsaya a hannu, ka taɓa su da yatsa ka ji bambancin, ka tambayi laminashan, wato ledar da ake mannawa a jikin kati, mai sheƙi da marar sheƙi a nuna maka duka, marar sheƙin yana ɗan dusar da kala amma ni ya fi min kwarjini a katin aure. Mutanen nan na shago sun san abin da ba a koya mana a aji ba, wani dattijo mai yanka ne ya nuna min yadda ake jera kati da yawa a babbar takarda ɗaya don kar a yi asara, ya ɗauki biro ya zana min a bayan wata takarda da ta lalace, har yau tana cikin jakata.

Bayan an gama kar ka miƙa duka, ka roƙi guda biyu. Ka ɗora ɗaya a kan wani yadi mai kyau kusa da taga ka ɗauki hoto, ka rufe lambobin waya da sunayen mutane kafin ka ɗora a Behance, shafin da masu dizayin ke baje ayyukansu, ko Instagram sai dai in sun ba ka izini, ka haɗa da hoton zanen fensir ɗin da ka fara da shi domin masu neman ma'aikaci suna son ganin yadda ka yi tunani. Fayilolin ka watsa su Google Drive, 15GB kyauta suke bayarwa kuma ya isa farawa, ka sa musu suna da kwanan wata yadda za ka gane. Yatsanka kuma ya saba da Ctrl da S duk bayan minti kaɗan saboda NEPA ba ta sallama in za ta tafi. Ɗayan katin kuma ka kai wa malaminka ko wani da ya girme ka a sana'ar ka ce ya gaya maka gaskiya, nawa da na kai malam ya juya shi ya kalle shi ya ce tazarar da ke tsakanin layukan iyalai ta matse kuma lambobin wayar sun yi kusa da baki, na auna da rula na ga milimita 3 ne kacal, sai na rubuta a bayan katin da jan biro na saka shi a fayil ɗina. Wata biyu bayan nan ƙanwar Hajiya ta aiko a yi mata na sunan jikarta, na buɗe fayil ɗin na fara da gyara waɗannan biyun.